Inda fawa banki ke samo bolt 5

Duk wanda ya taɓa farke fawa banki zai tarar da batiran lithium a ciki, kowanne bolt 3.7 yake bayarwa, ya kai 4.2 idan ya cika maƙil. Amma kafar USB da ake soka wayar caji bolt 5 take fitarwa. Ƙarin yana fitowa ne daga wani ɗan allo mai ɗauke da kwayil da taransista da dayod da kafasita.

Taransifoma ita kaɗai ba za ta iya wannan aiki ba, domin sai da wuta mai kaiwa da komowa irin ta NEPA take aiki, wutar batir kuwa hanya ɗaya take bi. Dabarar ita ce a riƙa katse ta. Taransista ta ba da hanya, wuta ta ratsa kwayil, wato wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe, ƙarfin maganaɗisu ya taru a cikinsa. Sai ta datse hanyar farat ɗaya. Shi kuwa kwayil ba ya yarda wutar da ke gudana cikinsa ta tsaya nan take, sai ya tunkuɗo ta da ƙarfi, kamar yadda bututu ke bugawa idan an rufe famfo da sauri ruwa na tsakar zuba. Wannan tunkuɗa ta hau kan bolt ɗin batir, dayod ya bar ta ta wuce ya hana ta dawowa, kafasita ta tara ta ta daidaita. Ana maimaita haka sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Idan taransista na ba da hanya rabin lokaci, bolt ya kusa ninkawa biyu. Idan ta ƙara jimawa, ya ƙara hawa.

Tushen ilimin tsoho ne. Michael Faraday ya gano alaƙar maganaɗisu da samar da lantarki a Ingila a 1831, Joseph Henry ma ya yi nasa binciken a Amurka a wannan zamani. Kwayil ɗin mota, wanda ke ɗaga bolt 12 ya haura 20,000 don fulogi ya yi tartsatsi, ɗan gida ɗaya ne da wannan allo.

Sai dai fa allon ba ya ƙirƙirar makamashi. Abin da aka ƙara a bolt, a amfiya ake zabge shi. Ɗauki fawa banki da aka rubuta wa 10,000 mAh: lissafin a kan bolt 3.7 aka yi shi. Mayar da shi bolt 5, saura 7,400, sannan a cire abin da ya tafi a zafi, wanda kan kai kashi goma cikin ɗari. Mai saye ya ga bai yi cajin da ya zata ba, ya ce jabu aka sayar masa. Jabun na nan a kasuwa, ba musu, amma nagari ma haka yake. Laifin masu ƙerawa, a ganina, shi ne rubuta babban adadi ɓaro-ɓaro, su tura na ainihi can baya da ƙananan haruffa.

A inbata lamarin ya fi haɗari. Kayan wat 1,000 a kan batir mai bolt 12 suna jan fiye da amfiya 80, siririyar waya kuwa zafi za ta ɗauka har ta narke. Shi ya sa masu haɗa sola ke sa waya mai kauri kuma gajera tsakanin batir da inbata, idan kayan gida sun yi yawa su koma tsarin bolt 24 ko 48.