Murjanin da ke Ƙarƙashin Bahar Maliya

Alhazanmu na da, waɗanda suka ratsa Cadi da Sudan a ƙafa har suka hau jirgin ruwa a Sawakin zuwa Jidda, sun wuce ta kan wata dukiya ba su sani ba. A gaɓar Sudan ta Bahar Maliya akwai tuddan murjani da hannun ɗan Adam bai ɓata su ba tukuna, irin waɗanda suka yi ƙaranci a duniya.

Wanda ya saba ganin murjani a wuyan amarya zai ɗauka dutse ne. Ai halitta ce mai rai. Wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne ke zaune tare, kowace ta gina wa kanta ɗaki na alli, 'ya'ya su ɗora a kan na iyaye, har shekaru dubbai su mai da ginin tudu guda. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke sarrafa hasken rana ta ciyar da su, ita ce kuma ke ba su launi. Tuddan nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kwata na nau'o'in halittun teku a nan suke samun ci da mafaka.

Sanganeb, mai nisan kilomita 25 daga gaɓa, tudu ne da ya taso kamar zobe daga cikin ruwa mai zurfi, da tsohuwar hasumiyar fitila a kansa. Sudan ta killace shi a 1990. A 2016 UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya tare da Dungonab da tsibirin Mukkawar, kilomita 125 arewa da Fot Sudan. A Dungonab ne ake samun ɗan'uwan ayun da masuntan Binuwai suka sani, yana kiwo cikin ciyawar ruwa kamar saniya a fadama, ga kunkuru na fitowa yin ƙwai a rairayi. Babu kogin da ke zuba laka cikin Bahar Maliya duk shekara, shi ya sa ruwan yake garau, rana take kaiwa ga murjanin. A wannan ruwa, a Sha'ab Rumi, mai binciken teku Jacques Cousteau ya kafa gida a zurfin mita 10 a 1963, mutanensa suka yi wata guda a ciki.

Abin da ke damuna shi ne, nisa da ƙarancin jama'a ne suka fi tsare wurin nan, kuma ba sa hana zafi zuwa. In ruwa ya ɗara yadda ya saba da digiri 1 kacal na tsawon makonni, murjani kan kori gansakukar nan, ya koma fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ta faru a faɗin duniya a 1998 da 2010, da 2014 zuwa 2017, ta sake dawowa a 2023.

A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, gwamnati ta koma Fot Sudan, jama'a suka kwarara can neman tsira. Mutumin da ya baro gidansa a Khartoum ba za a ce masa ya yi tunanin ayu ba. Amma tashar jiragen ruwan da ƙasar ta dogara da ita yanzu tana kusa da Sanganeb, kuma malalar man jirgi ɗaya ta isa ta kashe abin da aka yi ƙarnuka ana ginawa.