Emuleta: Yadda tsofaffin gem ke aiki a wayoyi da kwamfutocin yau, da abin da doka ta ce a kai

A rumfunan cajin waya da ke bakin titin Gezawa, da na Jogana da Tsamiya Babba, ba abin mamaki ba ne a tarar da matasa biyu sun haɗa kai a kan ƙaramar waya, ana ta gardamar wa ya ci wa a ƙwallo. A fuskar wayar ga Victor Osimhen sanye da rigar Galatasaray, ga sunan wasan an rubuta shi da shekarar da ake ciki. Duk wanda ya gani zai ɗauka sabon gem ne. Amma fitowar ƙarshe ta wasan Pro Evolution Soccer a kan na'urar PSP ita ce PES 2014, wadda kamfanin Konami ya saki tun kafin Osimhen ya buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015. Abin da matasan ke bugawa tsohon wasa ne da wasu masu sha'awa suka sake wa riguna da sunayen 'yan wasa, kuma an rubuta shi ne domin wata na'ura da kamfanin Sony ya daina fitarwa tun 2014.

Abin da ya sa yake tashi a wayar Tecno ko Itel wata manhaja ce mai suna PPSSPP. Tana cikin jinsin manhajojin da ake kira emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon wata na'ura a cikin wata.

Tafinta tsakanin na'urori biyu

Kowace na'ura tana da ƙwaƙwalwa, wadda ake kira furosesa, kuma kowane jinsin furosesa yana da harshen umarnin da yake ganewa. Na PSP harshen MIPS yake ji. Wayoyin Android kusan dukkansu harshen ARM suke ji, yawancin kwamfutocin ofis kuwa x86. Idan aka miƙa wa waya wasan PSP kai tsaye, tamkar an yi wa Bagezawe jawabi ne da Japananci: sautin yana shiga kunne, ma'anar ba ta isa ba.

Aikin emuleta shi ne na tafinta, kuma hanyoyin biyu ne. A ta farko, tana ɗaukar umarni ɗaya ta fassara, wayar ta aikata, sannan ta ɗauko na gaba, kamar tafintan kotu da ke jiran kowace jimla. Hanya ce mai aminci amma tana da nawa. A ta biyu, tana fassara tarin umarni gaba ɗaya ta ajiye fassarar, duk sanda wasan ya dawo wurin sai ta ɗauko abin da ta ajiye. Tunda wasa maimaita abu ɗaya yake yi sau dubbai a cikin daƙiƙa, wannan hanyar ce ta sa waya mai araha ke iya ɗaukar nauyin.

Fassarar umarni rabin aikin ne kawai. Wasan yana sa ran samun ɓangaren zane na PSP, da na sauti, da maɓallai, da katin ajiya, da faifan UMD da ake sa mata. Babu ko ɗaya a waya. Emuleta ce ke ƙirƙira masa kwatankwacinsu, har ya zamana wasan bai san ya bar gidansa ba. Fayil ɗin ISO da matasa ke turawa juna ta Xender shi ne hoton wancan faifan, an kwafe shi baki ɗaya. Foldar riguna da fuskoki da kuma fayil ɗin ajiya, waɗanda ake warwarewa da ZArchiver a zuba su a muhallinsu, su ne ke mayar da wasan 2013 ya yi kama da na bana.

Wani masanin manhaja ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, shi ya fitar da PPSSPP a watan Nuwamba 2012. Kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Ta samu karɓuwa a wurare irin Gezawa saboda dalilai da ba su da wuyar ganewa. PSP, wadda ta fito a Japan a Disamba 2004, furosesanta bai wuce megahaz 333 ba, ma'ajiyar aikinta ta farko megabait 32 ce, fuskarta kuma ɗigo 480 ne a 272. Wayar da ta fi kowace rauni a kasuwar Farm Centre ta ninka wannan sau da yawa. Wasan ba ya buƙatar intanet, abin da ya ƙara daraja tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairu 2025. Ba ya buƙatar talabijin ko janareta, saɓanin PlayStation ta gidan gem da ke tsayawa cak da zarar an ɗauke wuta. Matashin da ya yini a gona yana iya ba mai turi 'yan canji ya zuba masa, ya buga har batir ya ƙare.

Batir ɗin kuwa yana saurin ƙarewa, wayar kuma tana zafi, domin aiki biyu take yi a lokaci guda, fassara da gudanarwa. Shi ya sa wasannin PlayStation 2, na'urar da ta fito a 2000 kuma ta fi PSP ƙarfi nesa, ke sarƙewa a ƙananan wayoyi, sai a kwamfuta da manhajar PCSX2 ake jin daɗinsu.

Matsalar kwamfuta ta bambanta

Waɗanda suka koyi kwamfuta a shagunan buga takardu na Kano a shekarun 1990 da farkon 2000 za su tuna da Prince of Persia da Doom da Dangerous Dave. Nau'o'insu da ake bugawa a kwamfutocin nan an rubuta su ne domin babbar manhajar MS-DOS. Abin mamaki a nan shi ne furosesan kwamfutar yau jikan na wancan zamani ne, harshensu ɗaya a asali, amma duk da haka wasan ba ya buɗewa. Laifin na babbar manhaja ne. Windows mai bit 64 ba ta gudanar da shirye-shiryen bit 16, kuma Windows 11 mai bit 64 kaɗai ake yi. Ƙofar da tsofaffin Windows suka bari a buɗe domin shirye-shiryen DOS an toshe ta.

Ko da ƙofar a buɗe take, akwai wata matsalar. Da yawa daga masu rubuta wasannin wancan lokaci sun ɗaure saurin wasan da saurin furosesa, ba su yi zaton za a wayi gari da na'urar da ta ninka tasu sau dubu ba. A kwamfutar yau, irin wannan wasan kafin mutum ya taɓa maɓalli an riga an kashe shi. Sautin ma an tsara shi ne domin tsohon samfurin katin Sound Blaster, wanda ya daɗe da barin kasuwa.

Manhajar DOSBox, wadda wasu 'yan Holan suka fitar a 2002, ita ta magance wannan. Tana gina tsohuwar kwamfuta cikakkiya a cikin taga ɗaya, da katin sautinta da na hotonta, tana kuma ba mutum damar rage mata gudu ko ƙarawa har wasan ya daidaita. Amfani da ita ba shi da wuya. A tara wasannin a folda ɗaya, a ce sunanta wasanni, a buɗe DOSBox a rubuta mount c c:\wasanni, sai a rubuta c: a shiga, sannan a kira sunan fayil ɗin wasan. Shagon intanet na GOG da wannan manhajar yake naɗe tsofaffin wasannin da yake sayarwa da izinin masu su, ma'ajiyar Internet Archive kuma tun 2015 ta sa dubban wasannin DOS da ake bugawa a cikin burauza.

Manhajar halal ce, fayil ɗin fa?

A nan ne maganar ke fita daga hannun masana na'ura ta koma na lauyoyi. A ƙarshen shekarun 1990 Sony ta maka kamfanoni biyu a kotun Amurka, Connectix da Bleem, saboda sun yi emuletar PlayStation ta farko. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Connectix gaskiya: nazarin yadda na'ura ke aiki domin a ƙera abin da zai dace da ita bai saɓa wa haƙƙin mallaka ba. Nasarar ba ta amfane su da yawa ba. Sony ta saye manhajar Connectix ta binne ta, kuɗin shari'a kuma ya durƙusar da Bleem a 2001. Amma ƙa'idar ta zauna, kuma a kanta ake tafiya har yau, har ta kai kamfanin Apple, wanda ya daɗe yana ƙi, ya buɗe wa irin waɗannan manhajoji shagonsa a Afrilu 2024.

A wannan shekarar dai Nintendo ta nuna iyakar ƙa'idar. Ta kai ƙarar masu Yuzu, emuletar na'urar Switch da ake kan sayarwa a kasuwa, bisa zargin karya makullin da ke kare wasanninta. Cikin 'yan kwanaki, a Maris 2024, suka amince su biya dala miliyan 2.4 su rufe. Bambancin a bayyane yake: PSP ta daɗe da barin kanti, Switch kuwa ana cinikinta.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ɗauki manhajar kwamfuta a matsayin aikin da ake karewa kamar littafi, ta kuma haramta karya makullin fasaha da mai aiki ya sa wa aikinsa. Ta bar sarari ga wanda ya mallaki manhaja ta halal ya kwafe ta domin ajiya ko domin ta yi masa aikin da ya saye ta dominsa. Ma'ana, mai faifan asali da ya kwafi nasa yana da hujja. Mai turin da ke zuba wa mutum wasa a memori ya karɓi kuɗi ba shi da ita, ko da wasan ya shekara 20 da fitowa, domin kariyar doka tana ɗaukar gomman shekaru kafin ta faɗi. Kalmar da ake yawan gani a shafukan saukar da wasa, mai nufin kayan da mai shi ya yasar, ba ta da gurbi a dokar.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, matashin Gezawa bai taɓa samun hanyar halal ba tun farko. PSP da PlayStation 2 sun shigo Kano ne galibi a matsayin kwance ta hannun 'yan kasuwa, yawancin faya-fayan da aka riƙa bugawa a gidajen gem kwafi ne, a na'urorin da aka yi wa aiki domin su karɓe su. Yau kuma ko yana da kuɗin, babu kantin da zai shiga ya sayi sabon PES na PSP. Konami ma ta sauya wa jerin suna zuwa eFootball a 2021, ta mayar da shi wasan da ya dogara da intanet. Dokar da ta hana kwafin abin da babu mai sayarwa tana kare haƙƙi a kan takarda, amma da wuya a nuna kuɗin da mai haƙƙin ya yi asara.

Wannan ba ƙorafin talakawan Afirka kaɗai ba ne. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya gano kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka saki a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Duk da haka, a Oktoba 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa ɗakunan karatu su ba masu bincike damar buga irin waɗannan wasanni daga nesa. A Turai, bayan kamfanin Ubisoft ya kashe wasan The Crew a 2024 ya bar waɗanda suka saya da faifan da ba ya aiki, 'yan wasa sun ƙaddamar da koke ga Tarayyar Turai wanda ya haura sa hannun mutum miliyan 1 a 2025. Buƙatarsu ɗaya ce: kamfanin da ya gaji da wasa ya bar shi a yanayin da wanda ya biya zai ci gaba da amfani da shi.

Tambayar ta wuce wasa. Duk ofishi ko makaranta ko asibitin da ya adana bayanansa a tsohuwar manhaja yana fuskantar irin wannan katanga ranar da ya sayi sabuwar kwamfuta, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali ita ce ke kan ɗimbin kwamfutocin kwance da ake amfani da su a jihar. DOSBox ɗin da ke tayar da Prince of Persia ita ce za ta iya buɗe tsohon rajistan da aka rubuta da shirin DOS.

Inda haɗarin yake

Hukumar kare haƙƙin mallaka ta fi mayar da hankali kan masu buga littattafai da fina-finai na jabu, don haka abin da ya fi kusa da mai buga gem a waya shi ne ɓarawon intanet. PPSSPP ta gaskiya tana nan a Play Store da shafin masu ita, kyauta, akwai kuma mai launin zinare da ake saya domin tallafa wa aikin. Shafukan da ke tallan PES na bana kuwa sukan tura mutum daga talla zuwa talla, wani lokaci su miƙa masa fayil ɗin APK da sunan wasa. Fayil ɗin wasan PSP yana ƙarewa ne da ISO ko CSO, ba a girka shi kamar manhaja. Idan abin da aka sauke ya nemi izinin karanta saƙonni ko lambobin waya, to ba ƙwallo ya zo bugawa ba, kuma a wayar da ke ɗauke da asusun OPay ko Moniepoint, saƙonnin nan su ne ke kawo lambar sirrin cire kuɗi.