Allura Ɗaya, Hukunci Biyu: Abin da Matafiyin Tarka Ya Kamata Ya Sani Kan Katin Rigakafi

Aiki biyu allurar rigakafi take yi wa matafiyi. Na farko a jikinsa, ta tsare shi daga cuta. Na biyu a bakin iyaka, inda ba jini ake dubawa ba, takarda ake dubawa. Likita ke da ta cewa a kan na farko, amma na biyu yana hannun mai ƙasa ko mai jirgi. Galibi bakinsu kan zo ɗaya. A zamanin annobar korona kuwa sun saɓa, kuma saɓanin ya taɓa jama'a masu yawa, tun daga mutanen Kanada masu neman shaƙatawa a teku har zuwa maniyyatan Damargu da suka shekara suna tarin kuɗin kujera. Annoba ta wuce, amma dokar takarda tana nan, don haka ya kamata mu san yadda take aiki.

Abin da ya faru a Kanada

A farkon 2021 Kanada ta yi wa mutane da yawa allurar AstraZeneca. Sai aka gano cewa a cikin dubban da aka yi wa, akan sami ɗaiɗaiku da jininsu ke daskarewa. Ranar 1 ga Yuni, kwamitin da ke bai wa gwamnatin ƙasar shawara kan rigakafi ya ce wanda ya fara da AstraZeneca yana iya cikawa da Pfizer ko Moderna. Jama'a suka bi umarni, har waɗanda aka gauraya wa allura suka kusa kai miliyan 4. Binciken da aka yi a Sifen da jami'ar Oxford ta Ingila a wannan shekarar ya nuna cewa gaurayen yana ba da kariya mai ƙarfi. Ita kanta shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, haka aka yi mata: AstraZeneca da farko, Moderna daga baya.

Matsala ta ɓullo ne da ƴan Kanada suka tashi tafiya. Akwai manyan jiragen ruwa da ke ɗaukar dubban mutane yawon buɗe ido, su yi kwanaki a teku suna ci suna sha, kuma yawancinsu daga tashoshin Amurka suke tashi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ba ta amince da gauraye ba a lokacin, saboda haka kamfanoni irin su Norwegian da Princess da Holland America suka ce wanda ya haɗa AstraZeneca da wata allura bai cika rigakafi ba a wurinsu. Mutum ya yi abin da hukumarsa ta ce, ya biya kuɗin jirgi, an ce masa ya tsaya a gida. Lardin Kebek har ya ba da damar a yi wa masu tafiya allura ta uku, ba don jikinsu yana bukata ba, sai don takardarsu ta karɓu. Sai a tsakiyar Oktoba Amurka ta sauya magana, kafin ta buɗe iyakokinta ranar 8 ga Nuwamba.

Namu rabon a Nijar

Mu a nan ba mu da zaɓi, abin da ya samu shi aka yi mana. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar ranar 19 ga Maris, 2020. Bayan shekara guda, a ƙarshen Maris 2021, aka ƙaddamar da rigakafi a Yamai da allurar Sinopharm guda 400,000 da ƙasar Sin ta bayar kyauta. A watan Afrilu shirin COVAX ya kawo AstraZeneca sama da 350,000, ƙirar kamfanin Serum na Indiya, wadda ake kira Covishield. Daga baya Johnson & Johnson ta iso, wadda sau ɗaya ake yi, abin da ya fi dacewa da makiyayin da yau yana kwarin Tarka, wata mai zuwa ya yi arewa da bisashensa. Wanda ya je asibitin Belbeji ko na Tanut, hannunsa kawai ya miƙa. Mutum nawa ne suka tambayi sunan abin da ke cikin kwalbar?

Ashe sunan nan shi ne komai. Ranar 1 ga Yuli, 2021, Tarayyar Turai ta fara aiki da takardar shaidar rigakafinta, wadda ta ginu a kan allurai huɗu da hukumar magungunanta ta amince da su. Covishield ba ta ciki, alhali haɗinta ɗaya da AstraZenecar da ake yi wa Turawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tun Fabrairu. Dalilin shi ne masana'antar da ta sarrafa ta ba ta cikin rajistar Turai. Ga shi kuwa ƙasashen Turai suna cikin manyan masu zuba kuɗi a COVAX, shirin da ya kawo mana ita. Tarayyar Afirka ta yi ƙorafi a fili, kuma ƙasashe suka riƙa sassautawa ɗaya bayan ɗaya, har da Faransa a cikin watan na Yuli.

Ƙofar Makka

Mutumin Tarka bai cika damuwa da Turai ba. Tafiyarsa ta kasuwa ce zuwa Damagaram ko Kano, ko cin rani a Libiya da Aljeriya, sai kuma babbar tafiya da kowane Musulmi ke fata. A nan ne lamarin ya zo mana gida.

Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi a ƙarshen Fabrairu 2020. Hajjin wannan shekara mazauna ƙasar ƴan kaɗan ne suka yi shi. A 2021 aka ba mutum 60,000 dama, su ma mazauna ƙasar, kuma sai masu rigakafi. Da aka sake buɗe Umara ga ƴan waje a watan Agusta 2021, allurai huɗu Saudiyya ta sani: Pfizer, Moderna, AstraZeneca da Johnson & Johnson. Wanda aka yi wa Sinopharm sau biyu, wato allurar da Nijar ta fara da ita, sai ya ƙara ɗaya daga cikin huɗun nan sannan a karɓe shi.

A lura da wannan. A wata guda, a shekara guda, gauraya allura ta hana ɗan Kanada shiga jirgin ruwa, ita ce kuma ta zama sharaɗin shigar ɗan Nijar mai Sinopharm ƙasa mai tsarki. Jikin ɗan Adam bai bambanta ba tsakanin Tarka da Toronto. Abin da ya bambanta shi ne wanda ke tsaye a ƙofa da jerin da ke hannunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta fitar da shawararta mai goyon bayan gauraye ba sai a Disamba 2021, bayan kowace ƙasa ta riga ta kafa tata doka.

A 2022 aka buɗe Hajji ga mutum miliyan 1. An faɗaɗa jerin allurai, amma da sharaɗin cikakken rigakafi, da gwajin korona na sa'o'i 72 kafin tashi, kuma kada shekarun maniyyaci su wuce 65. Kujerun Nijar suka sauko daga 15,891 zuwa 7,194, na Najeriya daga 95,000 zuwa 43,008. A ƙasarmu kuwa kowa ya san dattawa ne suka fi zuwa Hajji, don sai mutum ya aurar da ƴaƴa, ya tara abin hannu, sannan ya sayar da shanu ko raƙuma ya biya kujera. Da yawa sai da suka jira 2023, lokacin da aka ɗage ƙa'idar shekaru.

Me ya sa hukumomi ke saɓawa?

Kowace ƙasa tana da hukumar da ke tantance magani, kuma ba ta hukunci sai a kan takardun da kamfani ya kawo mata. Kamfani kuwa allurarsa yake gwadawa, sau biyu iri ɗaya. Bai cika kashe kuɗi don ya gwada tasa haɗe da ta abokin gasarsa ba. Shi ya sa bayanin gauraye ya makara, sai da jami'o'i suka yi binciken. Haka kuma amincewar ba ta tsaya ga sunan magani ba, har da masana'antar da ya fito. Sannan ma'aikacin filin jirgi ba likita ba ne. Jeri aka ba shi, abin da ba ya ciki ba shi da ikon karɓa, komai ingancinsa. Siyasa da kasuwanci ma ba su rasa hannu a ciki.

Dokar ta girmi korona

Wanda ya ɗauka wannan magana ta mutu tun da aka sanar da ƙarshen dokar ta-ɓaci ta korona ranar 5 ga Mayu, 2023, ya yi kuskure. Mu da ke cikin yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, mun daɗe a ƙarƙashin irin wannan doka. Bayan ɓarkewar sanƙarau a Hajjin 1987, Saudiyya ta wajabta rigakafinsa. A 1996, shekarar da cutar ta kashe mutum wajen 25,000 a Afirka, an hana maniyyatan Najeriya zuwa Hajji. A 2000 da 2001 wani nau'i mai suna W135 ya ɓulla a tsakanin alhazai, ya bi su har ƙasashensu. Tun daga nan allurar da ke tare nau'i huɗu, A da C da W da Y, ita ake nema.

Wannan yana da muhimmanci gare mu. Allurar MenAfriVac da aka fara yi wa jama'a a Nijar a 2010 nau'in A kaɗai take tarewa. Ta yi aiki ƙwarai, amma ba ta hana nau'in C ya addabi Yamai da kewaye a 2015 ba, ya kuma sake ɓulla a jihar Damagaram a ƙarshen 2022. Saboda haka cewa "an taɓa yi mini allurar sanƙarau" ba ta wadatar. Wace iri? Yaushe? Ta Hajji dole a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa, kuma tana aiki shekara 3 ko 5, gwargwadon irinta. Ta cutar shawara ita ma sai ta kwana 10 takardarta ke fara aiki, amma tun Yuli 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Akan nemi ta shan inna daga ƙasashen da ƙwayar cutar ke yawo.

Abin yi

Duk ranar da za a yi maka allura, kai ko iyalinka, tambayi malamin asibiti sunanta, ka kuma tabbata ya rubuta sunan da kwanan wata da lambar kwalba, ya buga hatimi. In ba ka karatun boko, sa ɗanka ko wani amintacce ya duba kafin ka bar wurin. Sunan da ke kan kati ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi, don Mahamadou da Mamadou mutum biyu ne a idon kwamfuta.

Ka adana katin a leda tare da takardun gona da na haihuwa, ka ɗauki hotonsa a waya. Kafin ka ba kamfanin tafiya kuɗinka, nemi sharuɗɗan wannan shekarar daga hukumar alhazai ta COHO ko asibitin gundumarku, domin na bara ba lalle su zama na bana ba. Mai bi ta wata ƙasa ya binciki dokarta ita ma. Kuma a yi da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ƙauyukan Tarka zuwa inda ake buga hatimin da duniya ta sani tafiya ce mai cin kuɗi da kwanaki.

Babban abin gudu shi ne katin da aka saya ba tare da allura ba. A watan Maris 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da ƴan Najeriya 125 daga filin jirgi bisa zargin katin shawara na jabu, har rikici ya tashi tsakanin ƙasashen biyu. Wanda aka kama ya yi asarar kuɗi da mutunci. Wanda ba a kama ba ya fi shi shiga hatsari, domin zai shiga cikin miliyoyin mutane a Mina da Arfa ba shi da kariya, ya kuma dawo gida jama'a su taru taryarsa, jikoki su hau cinyarsa.

Hukumominmu ma da nasu nauyin. Su riƙa sanar da sharuɗɗa da wuri a gidajen rediyon karkara, da Hausa da Buzanci da Fulatanci da Barbarci, su kusanto da allurar matafiya ga gundumomi, su kuma tsaya wa ƴan ƙasa a duk lokacin da aka ƙi karɓar allurar da gwamnati da kanta ta yi musu. Limamai da masu gari su taimaka wajen isar da saƙon tun kafin a fara rajistar maniyyata. Allah ya ba mu lafiya, ya kira mu ɗakinsa muna da ƙarfi, ya dawo da matafiyanmu gida lami lafiya.