Gargaɗi ga Fatake Game da Ƙoramar Telwa

Bayan haka, a sani ƙoramar Telwa tana gangarowa daga duwatsun Azbin, ta bi ta gefen Agadas, ta malale a filin Irhazar. Galibin shekara busasshen yashi ce, har matafiyi ya yi sha'awar sauke kaya a cikinta saboda laushi da inuwa. To, a nan halaka take. Ruwa yakan zuba can nesa a kan duwatsu, dutse kuwa ba ya shan ruwa, sai ya taru ya taho da ƙarfi alhali sama garau take a zango. Haka ya yi a Satumba 2009, ya fasa madatsa, ya rushe gidaje masu yawa a Agadas.

Ƙasar kanta shaida ce a kan aikin ruwa. Kusa da Ingal, a 1997, masana suka tono ƙasusuwan wata dabba mai dogon wuya wadda ta fi giwa girma, aka sa mata suna Jobariya. Lakar ruwan zamanin farko ce ta binne su har suka zama dutse.

Saboda haka madugu ya sauke ayari a tudu, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Allah ya kiyaye, amin.