Abin da ke Cin Ƙashin Mata Bayan Ɗaukewar Haila

A yawancin gidajenmu, idan dattijuwa ta zame a makewayi ko a bakin rijiya ta karye a wuyan hannu, sai a kira mai ɗori, dangi su zo jaje, a ce ai jiki ne ya tsufa, shi ke nan magana ta mutu. Alhali kuwa akwai abin lura a nan, domin faɗuwar da jikanyarta za ta yi ta tashi ta kakkaɓe zane ta ci gaba da harkarta, ita ce ta kwantar da kakar makonni. Likitoci suna ganin irin wannan karaya alama ce ta wata cuta mai suna ostiyoforosis, wato zaizayar ƙashi, wadda ba ta zuwa da zazzaɓi ko raɗaɗi, har sai ranar da ƙashin ya gaza. An ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 a duniya za ta gamu da irin wannan karaya.

Daga hikimar Maɗaukakin Sarki, ƙashi abu ne mai rai, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu aiki dare da rana, waɗansu suna rushe tsohon ƙashi, waɗansu suna bin bayansu da sabon gini, tamkar katangar ƙasa wadda damina ke zaizayewa magini yana maimaita mata yaɓe. Daga ƙuruciya har zuwa wajen shekara 30 gini yana rinjayar rushewa; daga nan su yi kunnen doki na wani zamani. Abin da ke riƙe da linzamin masu rushewar a jikin mace shi ne sinadarin istirojin, wanda ma'ajiyar ƙwan haihuwa ke fitarwa, kuma idan haila ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sai wannan sinadari ya ragu ƙwarai, masu rushewa su yi ta ɓarna fiye da abin da masu gini za su iya mayarwa. Wani likita Ba'amurke, Fuller Albright na birnin Boston, shi ne ya bayyana wannan alaƙa a farkon shekarun 1940, bayan ya lura cewa kusan dukkan masu wannan larura da ke zuwa wurinsa mata ne da jini ya ɗauke musu. A shekarun farko mace tana iya rasa kimanin kashi 2 cikin 100 na ƙashinta duk shekara, kuma abin ya fi tsanani a gaɓoɓin ƙashin baya, waɗanda ke lotsewa sannu a hankali har a ga uwa ta rage tsawo, ta fara ranƙwafawa, ruku'u da sujada suna yi mata nauyi.

To amma kowace mace haila tana ɗauke mata, ba kuwa kowace ke karyewa ba, kuma a ganina babban sababin bambancin yana can baya, a kwanon abincin yarinya. Wadda ta kai shekara 30 da ƙashi mai kauri tana da abin da za ta rasa ta kuma tsaya da ƙafarta. Ginin yana bukatar sinadarin kalsiyam, wanda kashi 99 cikin 100 nasa a jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙora. Wani bincike da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe ba su samun fiye da kimanin miligiram 200 na kalsiyam a yini, kuma sun fi warkewa da aka ba su kalsiyam a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. A Amurka kuwa ana shawartar macen da ta wuce 50 da miligiram 1,200 a yini. Tuwon hatsi zalla ba ya cike wannan giɓi; nono da kindirmo, da kuka, da zogale, da riɗi, da tamba, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, su ne ke cikewa, kuma abin takaici ne a ce a gida ɗaya 'ya mace ce ke samun ƙarshen rabo.

Bitamin D, wanda hanji ke bukata kafin ya tsotsi kalsiyam, fata ce ke yin sa a hasken rana, baƙar fata kuwa ta fi bukatar daɗewa a cikinsa, saboda haka dattijuwar da aka hutar a ƙuryar ɗaki don girmamawa, ba ta fita ko tsakar gida, an tauye ta ta fuska biyu, domin ƙashi yana ƙarfafa ne da ɗaukar nauyin jiki, da tafiya da aiki. Rama mai yawa, da shan taba da giya, da ɗaukewar haila kafin shekara 45, da gado daga uwar da ta taɓa karyewa a ƙugu, duk suna ƙara haɗarin. Shayarwa tana rage ƙashi na ɗan lokaci, amma yawanci yana komowa bayan yaye.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne magungunan sitiroyid irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake saya a kemis ba da takardar likita ba, wata don ciwon gwiwa, wata don ta yi ƙiba. Mai sha takan ji sauƙi, fuskarta ta cika, maƙwabta su ce ta murmure, alhali maganin yana kashe himmar ƙwayoyin da ke gina ƙashi, yana kuma rage tsotsar kalsiyam; wata uku a kansa kullum ya isa ya ɗaga haɗarin karaya. Wadda ta daɗe tana sha bai kamata ta yanke shi dare ɗaya ba, sai likita ya rage mata sannu.

Ana auna kaurin ƙashi da na'urar DXA bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye a 1994, sai dai na'urar ba ta wadatu a ƙasashenmu ba, shi ya sa karayar farko ta zama hujja mai ƙarfi da za a kai uwa asibiti ko da ɗori ya kama. Akwai magunguna, kamar alendronate, masu taka wa rushewar birki. Mayar da istirojin ma yana kare ƙashi, amma binciken da aka bayyana a Amurka a 2002 ya nuna idan aka haɗa shi da sinadarin furojestin yana iya ƙara haɗarin daskarewar jini da sankarar mama, don haka hukuncinsa na likita ne. Abin da ake gudu shi ne karaya ta gaba ta zo a ƙugu, domin kimanin mutum ɗaya cikin biyar da suka karye a nan ba ya cika shekara a raye, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ba sa sake tafiya sai da mai riƙe su.