Ina Sharaɗi Ya Ƙare? Labarin "If" Da "Fi"

Duk wanda ya aiki yaro kasuwa ya ce masa, "In ka sami nama ka sayo, ka biya ta gidan Malam," to, ya bar baya da ƙura, domin yaron bai sani ba ko biyawa gidan Malam tana cikin sharaɗin samun naman, ko kuwa dole ce ko ta halin ƙaƙa. Shi yaro yana iya juyowa ya tambaya. Kwamfuta kuwa ba ta tambaya, abin da aka rubuta mata shi take bi.

Wannan ne ya sa masu ƙago harsunan ba kwamfuta umurni suka daɗe suna saɓani a kan yadda za a rufe kalmar if, watau "in". Masanan da suka tsara harshen ALGOL 68 sai suka juya kalmar: abin da aka buɗe da if a rufe shi da fi, case da esac, do kuma da od. Wani Bature ɗan Ingila, Stephen Bourne, wanda ya yi aiki a kan harshen a Jami'ar Kambirij, ya ɗauki wannan al'ada ya sa cikin harshen umurni da ya rubuta wa tsarin Unix, wanda ya fito cikin 1979. Sai dai od ba ta sami shiga ba, saboda ya tarar da wata manhaja ta riga ta ci sunan. Tilas ya koma ga done, kuma har yau haka ake rubutawa.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a farkon shekarun 1970, ya bi hanyar sauƙi. In ba a sa alamar baka ba, umurni ɗaya tak da ke biye da if shi ne ke cikin sharaɗin. Araha kuwa ba ta ado. Cikin watan Fabrairu na 2014 kamfanin Apple ya fito da gyaran wani kuskure, inda aka maimaita layin goto fail sau biyu. Ga ido, layin na biyu yana ƙarƙashin sharaɗin, alhali kuwa yana waje, saboda haka wayoyin iPhone suka riƙa tsallake matakin tantance shafukan intanet, abin da ke iya buɗe wa ɓarayin bayanai ƙofa.

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya ɓullo ta wata hanya dabam cikin Python a 1991: layin da aka matsar ciki shi ke ƙarƙashin sharaɗi, yadda ido ya gani haka na'ura za ta karanta. Harshen Go na 2009 kuwa bai bar wa kowa zaɓi ba, bakan nan ya zama wajibi ko da umurnin ɗaya ne.