Cutar Paget da Matsewar Laka

Gabatarwa

Ƙashi abu ne mai rai, wanda jiki ke sabunta shi kullum. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke gudanar da wannan aiki: wasu suna cinye tsohon ƙashi, wasu kuma suna gina sabo a gurbinsa. Muddin rushewa da gini suna tafiya daidai wa daida, ƙashi zai kasance da ƙwari. Idan kuwa tsarin ya rikice, sai a sami cutar da ake kira Paget, wadda ta samo sunanta daga James Paget, wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ingila da ya yi bayaninta a shekarar 1877.

Yanayin Cutar

A wannan cuta, ƙwayoyin da ke cinye ƙashi su ne ke wuce gona da iri. Su kuma masu gini sai su yi ta ɗora sabon ƙashi cikin gaggawa, ba tare da tsari ba. Sakamakon haka ƙashin yakan kumbura ya yi kauri, jijiyoyin jini su yawaita a cikinsa, amma ba shi da ƙarko. Ta fi kama ƙashin ƙugu da na baya da cinya da ƙwauri da ƙoƙon kai. Galibi tana bayyana ne bayan shekara 50, kuma ta fi yawa a Ingila da ƙasashen da Ingilishi suka yi ƙaura zuwa cikinsu, kamar Ostireliya da Amurka. Gado yana da hannu a ciki, domin takan bi dangi.

Yadda Laka ke Matsuwa

Laka ita ce babbar hanyar da saƙo ke bi tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran sassan jiki. Tana kwance ne cikin wani siririn kogo da gaɓoɓin ƙashin baya suka kewaye. Idan cutar ta kama ɗaya daga cikin gaɓoɓin nan, yakan kumbura har kogon ya ƙuntata, ko kuma ya burma saboda rauni, ya danne lakar. Wani lokaci ma ba dannewa ba ce. Ƙashin ne ke janye jinin da ya kamata ya ciyar da laka. An fi samun matsewar a gaɓoɓi 12 na saitin ƙirji, domin kogon ya fi ƙunci a nan.

Alamomi da Magani

Alamomin sukan zo a hankali: ciwon baya, nauyin ƙafafu, raguwar jin taɓi, da wahalar tafiya. In abin ya tsananta, majiyyaci yakan kasa riƙe fitsari da bayan gida, daga nan sai shanyewar ƙafafu. Likita yakan gano cutar ta hanyar hoton ƙashi da awon wani sinadari na jini mai suna alkalin fosfates, sannan hoton MRI ya nuna inda lakar ta matsu. Magungunan bisfosfonet suna dakushe ƙwayoyin da ke cinye ƙashi, kuma sau da yawa majiyyaci yakan sami sauƙi da su kaɗai. In ba su wadatar ba, sai a yi tiyata a buɗa kogon.

Kammalawa

Cutar Paget ba ta da yawa a Afirka. A ƙasar Hausa, tarin fuka na ƙashin baya da haɗarin mota sun fi ta jawo matsewar laka. Duk da haka alamomin iri ɗaya ne, haka ma hatsarin jinkiri, domin laka in ta mutu ba ta farfaɗowa. Saboda haka ciwon bayan da ya zo da raunin ƙafafu ko kuɓucewar fitsari ba na jiƙo ko ɗori ba ne, na asibiti ne cikin hanzari. Wannan shi ne abin da ya kamata malami ya sani, ya kuma sanar da ɗalibansa da iyayensu.